Jauro, Ƙwallon Tebur Ba Kiwo Ba Ne

Jauro, bawana na gado, ina gaisuwa, ko da yake ba a san ubangida da fara gaida bawa ba. Ina gajiya, ina shanu, ina kuma mai fura? Ka gaishe ta, ka ce mata ƙwaryar da ta aiko kwanaki ruwa ya fi nono yawa a ciki, amma mun shanye, don mu Mangawa ba ma raina kyautar talakawanmu.

Labari ya iso mini har Gumel cewa ka tara mutane a bakin tashar Sule Tankarkar kana ta rantse-rantse, wai ɗan autanka ya gama da bin shanu, ƙwallon tebur zai sa a gaba har ta zama sana'arsa. Wai ka leƙa wayar wani yaro ka ga Bayarabe yana dukan ƙwai Turawa na tafi, ka tambaya aka ce maka Aruna Quadri ne, kuma da wannan yake ci da iyalinsa. Shi ke nan ka gyara malafa ka ce ai abin ba wuya, wanda ya iya kaɗa garke da sanda ɗaya ba zai kasa kaɗa abin da bai kai ƙwan zabo ba. Ba yaron nake wa dariya ba. Na ga hannunsa a teburin nan na gindin darbejiya, Allah ya ba shi ido da zafin nama, abin da ya tabbatar mini a wajen uwa ya gado. Kai nake wa dariya, mutumin da tun da nake ban taɓa ganin ya sa kuɗi ya sayi abin da ba ya haihuwa ba.

To, tun da ilmantar da bawa haƙƙi ne a kan ubangida, jingine sandar ka zauna.

Shi wannan Aruna da ya ruɗe ka, a garin Oyo aka haife shi a 1988, kuma a teburan bakin titi ya fara, irin waɗanda yaranmu ke layi a kansu, wanda aka ci ya biya. Iyakar inda labarinsa ya yi kama da na ɗanka ke nan. Daga nan sai ya shiga hannun masu horarwa, ya yi ta buga gasa har ya samu gurbi a tawagar Najeriya, sannan ya bar gida ya tafi Fotugal neman kulob. Kulob ɗin da ya fara fito da sunansa, Toledos, yana wani tsibiri ne mai suna Pico cikin tsibiran Azores, can tsakiyar tekun Atlantika, ruwa gabas ruwa yamma. Na san jin haka gabanka ya faɗi, kai da ko kududdufin bayan gari ya cika da damina sai ka zagaya. Amma kwantar da hankalinka, tsibiran nan sun yi suna wajen shanun madara. Ina jin nan ne kaɗai a duk Turai za ka yarda ka raka yaron, kuma na tabbata ranar wasa a makiyaya za a same ka kana tambayar kuɗin karsana.

Sai a 2014 duniya ta san da shi, yana da shekara 26. A gasar cin kofin duniya da aka yi a birnin Düsseldorf na Jamus ya kai zagayen 'yan takwas, inda Zhang Jike na ƙasar Sin ya tare shi, kuma hukumar ƙwallon tebur ta duniya ta zaɓi Aruna gwarzon wannan shekarar a ɓangaren maza. Tsaya ka ji abin da ya faru da shi Zhang ɗin, don ya shafe ka. Da ya ci wasan ƙarshe murna ta ɗebe shi, ya ruga ya sa ƙafa ya farfasa allunan talla na gefen fili. Aka ce to madalla, kofin naka ne, amma ladan gasar, dala 45,000, an riƙe shi tara. Ka ga abu biyu a nan. Na farko, wanda ya fi kowa a duniya a ranar, abin da aka tanadar masa bai kai abin da wasu 'yan ƙwallon ƙafa na Ingila ke ɗauka kafin mako ya zagayo ba. Na biyu, wasa ne da ba ya son zuciya. Da kai ne aka ce an riƙe maka dala 45,000 saboda katako, da har yau ana shari'a.

Bayan shekara biyu, a gasar Olamfik ta Rio a Burazil, Aruna ya fitar da Chuang Chih-yuan na Taiwan, ya fitar da Timo Boll, wanda Jamusawa ke taƙama da shi, ya zama ɗan Afirka na farko da ya taka zagayen 'yan takwas a wannan wasa. A can ya haɗu da Ma Long, aka ba shi huɗu ba ko ɗaya, kuma ba abin kunya ba ne, don Ma Long ɗin ne ya tafi da zinaren. Ya buga wa Sporting ta Lisbon, ya koma kulob ɗin Fulda a Jamus a 2020, ya sake kaiwa zagayen 'yan takwas a gasar duniya ta Houston a 2021, a 2022 kuma ya shiga jerin gwanaye goma na duniya, matsayin da babu ɗan Afirkan da ya riga shi takawa. Wannan duka ka ji a tasha. Abin da ba a gaya maka ba shi ne a Paris a 2024 yana gaba da ci uku ba ko ɗaya, wani matashi ɗan Romaniya, Eduard Ionescu, ya farke duka ya fitar da shi tun a zagayen farko. Shekara huɗu mutum na shiri, a yi waje da shi kafin shayi ya huce. Saniya in ta yi ɓari kana da wata a garke. Shi wannan, sai ya haɗa jaka.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi damunka, kuɗi. Da aka ce maka da wasan yake ci, na san ka ɗauka kofin ake kaiwa kasuwa a auna. Abincin ɗan ƙwallon tebur yana wajen kulob ne, shi ke ba shi albashi a kan kwantiragi, ya buga masa gasar lig a Jamus ko Faransa ko Fotugal duk ƙarshen mako. In sunansa ya fito, kamfanin da ke ƙera kayan wasa ya ɗauke shi talla. Shi Aruna har akwai bat mai ɗauke da sunansa da kamfanin Gewo na Jamus ke sayarwa. Ladan gasa kuwa sai wanda ya yi nisa ke ganin abin kirki. Kuma matsayin da mutum ke da shi a jerin duniya ba gado ba ne, makin da ya tara yana zubewa in ya shekara, dole ya yi ta yawon ƙasashe yana sabuntawa, sau da yawa kuɗin jirgi da na masauki daga aljihunsa. Abin ya kai Fan Zhendong, wanda ya ci zinare a Paris, ya cire sunansa daga jerin a ƙarshen 2024 saboda tarar da ake ɗora wa wanda bai halarci gasa ba a lokacin. To ina kai, da kuɗin mota daga Sule Tankarkar zuwa Gumel ke sa ka tako da ƙafa, in an tambaye ka ka ce likita ne ya ce ka riƙa motsa jini?

Kayan aikin ma ba irin wanda ka sani ba ne. Bat ɗin da yaranmu ke bugawa da shi, wanda robarsa ta ɗaye aka liƙe da gam ɗin faci, wani ma katako ne zalla, ba ya zuwa ko'ina. Na gwanaye katakon daban ake saye, robar kowane gefe daban, a manna, kuma robar tana mutuwa a canza ta a kai a kai, don da ita ake murɗa ƙwai ya sauka ya canza hanya. Kuɗin cikakken bat guda na ƙwararru ya fi kuɗin tunkiya. Na hango fuskarka daga nan. Teburin kuma yana da awo: tsawo mita 2.74, faɗi mita 1.525, tsayi daga ƙasa santimita 76, raga santimita 15.25. Je ka auna na garinku, wanda kafinta ya haɗa da ragowar katakon ƙofa, aka gindaya falanki a madadin raga, aka tokare ƙafa ɗaya da bulo. Yaron da ya saba da wannan tebur ya san inda ramin yake, ya san inda ƙusa ta ɗago, da su yake cin mutane. Ranar da aka kai shi Dutse aka tsayar da shi gaban tebur mai santsi, sai ya nemi ramin ya rasa.

Ga kuma iska. Ƙwan nan nauyinsa giram 2.7 ne, faɗinsa milimita 40. In hunturu ya taso daga Nijar ya ratso Maigatari, kai da kanka sai ka riƙe darbejiya don kada ya tafi da kai, balle shi. Wata uku ko huɗu a shekara yaranmu ba da juna suke wasa ba, da iska suke yi. Shi ya sa duk inda ake wasan da gaske, cikin ɗaki ake yi, a rufe taga.

Amma duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya sa na ce jininka ba zai iya wasan nan ba, dokokin sabis ne. Doka ta ce kafin ka buga, sai ka ɗora ƙwan a tafin hannu, ka buɗe hannun sarai, ka cilla shi sama aƙalla santimita 16. Jauro, ka buɗe hannu! Yaushe rabon duniya da ganin tafin hannunka? Ko a ɗaurin aure in an zo rabon goro dunƙule shi kake. Sannan tun 2002 an hana ɓoye ƙwai da jiki ko da hannu lokacin sabis, dole abokin karawa ya ga komai. Kai da ko mai fura ba ta san adadin shanunka ba, in mai haraji ya zo ka ce duk na amana ne. Sannan ana ƙirga ci da ƙarfi kowa na ji, zuwa 11 tun 2001, ko da yake a teburanmu har gobe 21 ake yi don kuɗin mutum ya yi auki. Allah ma ya taimake ka autan ne mai wasan. Da ɗan fari ne, da yana can yana fafatawa a gaban duniya kana gefe ka sunkuyar da kai, kunya ta hana ka kiran sunansa, ana tambayarka ko ɗanka ne kana cewa a'a, yaron gidanmu ne dai.

Na san amsarka, don ba yau muka fara ba. Za ka ce mu Barebari me muka taɓa ci ban da goro, kuma tsagen fuskata ya isa a buga dara a kai. Na ji. Amma ka tuna kakanninka da dawakansu da tutocinsu sun karɓi Kano, sun karɓi Katsina, sun karɓi Haɗeja, da suka zo Lautai, wato Gumel, sai suka ga gara a yi zumunci. Wanda bai ci mu a fagen daga ba, ba a kan tebur zai fara ba.

Bari in ajiye wasa kaɗan, don akwai abin da ke cina a maganar nan. Ka lura da sunayen da Najeriya ta fitar a wannan wasa. Segun Toriola, haifaffen Ilori, ya je Olamfik sau bakwai, daga Barcelona a 1992 zuwa Rio a 2016. Funke Oshonaike ta Legas ita ma sau bakwai, daga Atlanta a 1996 zuwa Tokyo. Kafin su akwai Atanda Musa. Ba don hannun mutanen can ya fi na yaranmu ba ne. Tun 1968 wani attajirin Legas, Cif Molade Okoya-Thomas, ya sa kofi mai suna Asoju Oba, ana bugawa shekara bayan shekara, yaro ya taso ya san akwai ranar da za a gan shi. Yau ɗakin wasan da ke filin Teslim Balogun a Surulere sunansa yake ɗauke da shi, kuma a nan gwanayen duniya ke zuwa gasa. Mutum ɗaya ne ya ɗaure wa abin gindi bai gaji ba, ga abin da ya haifar.

Mu fa? Daga Gumel zuwa Maigatari, daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar, da wuya ka shiga gari mai ɗan girma ba ka ji ƙwas-ƙwas ɗin ƙwai da la'asar ba. Kowace unguwa da zakaranta. Yaro zai cinye na layinsu, ya cinye na ƙetaren titi, a yi ta kiransa gwani, daga nan sai hanya ta ƙare. Babu wanda zai gyara masa tsayuwa, babu wanda zai ce masa bayan hannunsa a mace yake, babu gasar da za ta haɗa shi da zakaran wani gari ya gane akwai na gaba da shi. Yana kai shekara 18 sai ka gan shi a kan babur yana acaɓa, ko yana dakon buhunan riɗi ranar Alhamis a Maigatari. Alhali matakalar tana nan a takarda: daga ƙaramar hukuma zuwa tawagar jiha, daga nan zuwa gasar wasanni ta ƙasa da ake yi tun 1973, inda masu zaɓen tawagar Najeriya ke zuba ido. Matakin farko ne ya ɓalle, kuma ba shi ne mai tsada ba. Ɗaki ne mai bango huɗu da daɓe mai kyau, da tebur biyu na gaske, da mutum ɗaya da ya san wasan zai tsaya da kwandon ƙwai yana jefa wa yaro ɗaya bayan ɗaya har hannunsa ya haddace. Haka ake yi a Sin, kuma ba wani asiri suka binne ba. Ga makarantun sakandare da ɗakunan taro da ke kulle da yamma, ga Kwalejin Ilimi a Gumel cike da matasa. Wasan ƙwallon ƙafa sai an nemi fili da mutum 22; wannan yara biyu da fitila ɗaya sun isa.

Lokaci kuma ba ya jiran ka gama shawara da shanu. Tomokazu Harimoto na Japan yana da shekara 14 ya ci babbar gasar manya a ƙasar Czech a 2017. Hend Zaza ta Siriya tana da 12 ta buga Olamfik a Tokyo, daga ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita. Waɗannan tun ba su fi tebur tsayi ba aka sa musu bat a hannu. Autanka ya ɗan makara, amma bai wuce ba, in an tashi yanzu. Kai kanka ma ba ka da uzuri. Ni Xialian ta buga wa Luxembourg a Paris tana da shekara 61, har ta ci wasanta na farko. Ibrahim Hamadtou na Masar jirgin ƙasa ya raba shi da hannuwansa biyu yana ɗan shekara 10, da baki yake riƙe bat, da ƙafa yake cilla ƙwai, kuma ya buga gasar naƙasassu ta duniya a Rio da Tokyo. Kai hannu biyu gare ka lafiyayyu, sai dai ɗaya na kan sanda, ɗaya na toshe bakin aljihu.

Kada kuma ka ce za ka cire yaron daga makaranta don ya samu lokacin atisaye, na san ka, neman hanyar tsira daga kuɗin littafi kake. Kwantiragi da rubutu ake yin sa, wanda bai iya karantawa ba dillalai su ci rabonsa yana murmushi, kuma kai ka fi kowa sanin halin dillali. Cikin yara dubu masu buga ƙwai, wanda zai ci abinci da shi bai taka kara ya karya ba. Sauran abin da za su samu shi ne lafiyar jiki, da kaifin ido, da wurin zuwa da yamma wanda ya fi majalisar banza, kuma ni a wurina wannan ma ya isa a sayi tebur dominsa.

Saura batun bijimin nan naka, jan nan mai ƙaho, da ka ce shi za ka sayar. Duk Maigatari an san shi, don ya fi wasu dillalan zuwa kara. Kowace Alhamis ka kora shi, a taya, ka ce albarka, a ƙara, ka ce albarka, la'asar ta yi ka koro shi gida kana cewa kasuwa ba ta yi ba. Mutanen Nijar da ke shigowa da raƙuma har gaishe shi suke. In da gaske kake, wannan karon ka bar igiyar a hannun mai saye, ka juya baya kada ku haɗa ido.

Ku kuma attajiranmu na riɗi da zoɓo, da masu fataucin dabbobi da ke loda tireloli zuwa kudu, ga aiki ya same ku. Ɗaya daga cikinku ya sa kofi na ƙananan hukumomin masarautar nan huɗu, a riƙa bugawa kowace shekara bayan an gama girbi, bana a Gumel, baɗi a Maigatari, a zagaya Gagarawa da Sule Tankarkar, maza da nasu rukuni, 'yan mata da nasu. Wanda ya ci a biya masa mota zuwa Dutse. Ni na ɗauki nauyin ƙwai, kuma zan zauna alƙali, don a cikin mu biyu ni ne ba a taɓa kamawa da rage ƙirga ba.

Hukuncina a matsayin ubangida ke nan, Jauro: yaro ya buga, ya kuma ci gaba da zuwa aji. Tebur a ajiye shi a Gumel, inda akwai ɗaki mai ƙofa da ba saniyar da za ta shigo ta lashe raga. Kuɗinsa kai za ka biya, lakadan, ba da alkawarin maraƙin da ke ciki ba. Kuɗin sharar bana ma har yanzu ban gani ba, ka haɗo da shi.